Rasuwar Ɗan Aike na Ƙarƙashin Matakala

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, Inna Mai Bene, da surukarta, da jikoki, da masu haya, waɗanda suka biya da masu cewa gobe, suna sanar da jama'a rasuwar Ɗan Aike, ƙaramin akwatin nan ruwan toka da ke ƙarƙashin matakala, kusa da tsintsiya. Ya rasu bayan gajeriyar jinya, a bakin aikinsa, wayoyinsa a jikinsa.

Wanda bai san mamacin ba, zai ce me akwati ya yi har ake masa sanarwa. To ga yadda abin yake, yadda Inna ta gane shi, ita kuwa ba ta biyan kuɗin abin da ba ta gane ba.

A gidan nan, waya ko kwamfuta ba ta shiga intanet sai an ba ta adireshi. Ba kyauta ba ne, aro ne, da wa'adinsa. Mai ba da aron wata kwamfuta ce a ɗakin ƙasa, ana ce mata Mai Rabo. Baƙuwar waya in ta shigo ba ta san kowa ba, sai ta tsaya tsakiyar ɗaki ta ɗaga murya, wa zai ara mata adireshi. Da can duk gidan ɗaya ne, kowa na jin kowa. Inna ce ta sa aka raba hawa-hawa, ranar da ta gano telan hawa na biyu na buga hotunan ɗinki da firintar akawun hawa na uku, da tawadar bawan Allah. Ɗanta na fari, wanda masu haya ke ce wa Injiniya, shi ya kafa babban akwati a tsakani kamar mai gadi. Wanda ya san inda za shi, ya wuce. Mai ihu kuwa, ihunsa ba ya ƙetare hawansa. Wanda ya zo da adireshin da ba daga hannun Mai Rabo ya fito ba, shi ma ba ya wucewa. Wannan saboda maƙwabta ne, sun san kansu.

To nan aikin mamaci yake. Yana da kunne a kowane hawa. Da ya ji kuka sai ya ɗauka, ya sa masa alamar hawan da ya fito, ya kai wa Mai Rabo, ya karɓo, ya miƙa wa mai shi. Inna ta aiki mutane da yawa a rayuwarta, ta san mai dawowa da canji da mai dawowa da labari. Irin wannan ba ta taɓa gani ba. Bai taɓa kai wa akawu na tela ba. Bai taɓa tsayawa hira a hanya ba. Maganarsa duka biyu ce: "tit" in an kawo wuta, sai "fuuu" na 'yar fankarsa, wadda in ba ka sunkuya ɗaukar tsintsiya ba, ba za ka ji ba.

Ciwon ajalinsa daga fankar ya fara. Ta koma "ƙirr, ƙirr", kamar tsoho mai tari. Inna ta ji tausayi, ta sa surukarta ta ɗauko bargon jariri aka lulluɓe shi, aka cusa gefe da gefe kar iska ta shiga. Tarin ya ragu. Can ya yi shiru, kowa ya ce an samu sauƙi.

Ba wanda ya san ya cika, don mai adireshi a hannu ya riga ya san hanyar Mai Rabo, da kansa yake zuwa neman ƙarin wa'adi. Sai da tela ya dawo daga tafiya, wayarsa ta yi ta ihu ba mai amsawa. Akawu ya kashe kwamfutarsa ya tafi hutu, ya dawo ya tarar da ita marainiya. Sauran da suka ji labari sai suka yi abin da suka saba yi wa kowane ciwo: cire, goge, sake haɗawa. Da hannunsu suka mayar da aron, ba mai kawo musu wani.

Tela ya hau sama yana huci. "Inna, intanet ɗinki ya mutu."

"Nawa yana nan, ɗan nan. Naka dai."

Aka kira mai gyara. Ya yaye bargon, ya taɓa gawar, ya ce, "Inna, ai dafa shi kuka yi." Inna ta ce, "'Ya'ya nawa ka raina? Mai tari lulluɓe shi ake yi." Har yau tana kan bakanta.

Mai gyara ya ce aikin ba wuya, ko a kawo sabon ɗan aike, ko a koya wa babban akwati ya riƙa kai saƙon da kansa. Sai dai duk biyun sai an buɗe babban akwati, kalmar sirrin kuwa tana kan Injiniya. "A kira shi mana," in ji shi. Surukar Inna ta duƙar da kai, ta ja 'ya'yanta suka shige ɗaki.

Injiniya ya tafi neman aiki nesa, lambarsa ta daina shiga tuntuni. Ranar da zai tafi ya bar wa uwarsa waya mai faɗi wadda ba a sa mata layi, da intanet ɗin gida kawai take aiki. Ya kulle komai a cikinta saboda hannun jikoki, ya bar maɓallin amsawa kaɗai. Ya ce, "Inna, ta nan zan riƙa kiranki, kar ki bari ta mutu." Da farko yana kira. Daga baya sai jefi-jefi. Yanzu autarsa ta fara magana, ba ta san muryarsa ba. Inna na bin sa kira ɗaya, ita kuwa ba ta taɓa yafe bashi ba.

Mai gyara ya ce akwai wata hanyar: a goge babban akwati kaf, a sake gina komai, kafin yamma kowa ya samu intanet. Inna ta tambaya, wayar mai faɗi fa? Ya sosa ƙeya ya ce ita dai a kulle take, ba za ta gane sabon gini ba, shi ke nan nata. Inna ta ce to a bar gidan yadda yake. Akawu ya ce zai tashi. Ta ce Allah ya ba da sa'a. Tela ya ce shi ma ƙarshen wata. Innar da aka sani tana bin mai haya kuɗinta har wurin aikinsa, ita ce ta ce masa ya sauka lafiya, ya bar makulli a kan taga.

Mamacin ya bar Mai Rabo, tana zaune a ɗakin ƙasa da adireshi jibge, ba mai zuwa aro. Ya bar babban akwati, wanda bai zubar da hawaye ba. Ya bar marayu a kowane hawa. Ya bar mai rai guda ɗaya, wayar nan mai faɗi da ke kan matashin Inna, wadda ba a taɓa kashe ta ba, har yau tana zuwa da kanta tana roƙon ƙarin wa'adi. Mai gyara ya ce muddin ba ta rabu da intanet ɗin gidan ba har wa'adi ya cika, tana nan. Sai dai an ce za a ɗauke wutar unguwa kwana da kwanaki don sauya turaku, janareton gidan kuwa na tela ne, da shi zai tafi.

Za a sa mamacin a kwalinsa gobe da hantsi, a ɗora shi a kan kabad. Mai sayen tsoffin ƙarafa ya yi tayi, an nuna masa ƙofa. Inna ba za ta sauko ba. Masu gaisuwa su hau sama, su zauna nesa da gado, kar wanda ya ce a sam masa caji a soket ɗin da ke wurin. Mai janareto da ba ya amfani da shi, an fi son sa a kan mai kuka.

Wanda kuma ya san inda Injiniya yake, kar ya dame shi da zancen akwati, ko na haya. Ya ce masa dai wayar tana kunne, ya hanzarta.