Furofesan Kaji na Kudenda

"Ni Sylvanus, in na harari kaza sau ɗaya, sai ta saka ƙwai biyu don kunya!"

Haka yake cika baki a teburin mai shayi a Kudenda, shekarar da soja suka koma bariki. Abokina, in ka ji shi sai ka rantse daga jami'a ya fito, alhali gadi ya yi a masaƙa har aka sallame shi. Kaji goma sha biyu gare shi a bayan ɗaki, amma ya naɗa wa kansa Furofesa.

Wata rana ya ji a rediyo cewa garin tafarnuwa a abincin kaji yana ƙara musu lafiya. Ɗan kaɗan fa aka ce. Gogan naka ya daka mudu guda ya antaya.

"Baban Peace, wannan ai ko aljani gudu zai yi," in ji matarsa Rhoda.

"Kimiyya ce, ba miyar kuka ba. Matsa!"

Bai tsaya nan ba, ya gayyato sabon kansila, Honarabul Shekari, ya zo ran Asabar ya ga abin mamaki, ko a ba shi muƙamin mai ba da shawara kan kiwo.

Kaji suka sansana, suka shiga yajin aiki. Kwana huɗu ko ƙwai ɗaya babu, sai wari, har maƙwabta suka daina shanya a tsakar gida.

Asabar da safe Furofesa ya ruga bakin titi, ya kwashe ƙwai talatin a tiren wata mai talla.

"Oga, wannan fa..."

"Ke, ni za ki koya wa ƙwai?"

Ya lallaɓa ya jera su a akurki. Kansila ya iso da jama'arsa, kowa ya toshe hanci. Honarabul ya ɗauki ƙwai ɗaya.

"Kai, har da ɗumi!"

"Yanzun nan ta saka shi, ranka ya daɗe."

"To fasa mu ga gwaiduwar."

Sylvanus ya gyara tsayuwa, ya ƙwanƙwasa a bakin faranti. Shiru. Ya sake bugawa, ɓawo ya zube, ga ƙwai fari fat, dafaffe. Rhoda ta cusa gefen zane a baki.

Kansila ya karɓa, ya gatsa, ya tauna a nitse.

"Furofesa, kajin nan sun yi ƙoƙari. Gobe ka gaya musu su riƙa sa gishiri da yaji."