Kunamar Filin Tanis

Ranar da ɗana Sani ya kai wasan ƙarshe a gasar tanis ta Lafia, ina sahun gaba. Filin na jar ƙasa ne. Can sai alƙalin wasa ya sauko, shi da 'yan wasan suka duƙa suna nuna ƙasa. Ni da na girma a gonakin Awe, na san abin da ke sa maza duƙawa haka. Kunama ce. Na shiga a natse, na murje wurin da silifas.

Ashe sawun ƙwallo ne, shaidar cewa bugun ƙarshe na Sani ya faɗa cikin layi, ya ci. Aka sake bugawa, abokin karawarsa ya ci, kofin ya tafi Makurɗi.

Sani ya ce, "Mama, sannu da aiki."

Har yau ko tururuwa aka gani, sai a ce a kira ni.