Ƙodar da Ba Wanda Ya Nema

Ba zan taɓa mantawa da satin da na yi ina bankwana da duniya ba, alhali ko zazzaɓi ba na yi. Ko na so in manta ma, 'yan majalisarmu ta Ƙofar Marusa ba za su bari ba.

Ƙanena Sada ne ƙodarsa ta daina aiki. Ya daɗe ana yi masa wankin ƙoda, mutum mai jiki ya koma sai ido da haƙora. Da likitoci suka ce sai dashe, kuma an fi son ɗan'uwa na jini ya bayar, ban yi shawara da kowa ba. Bayan la'asar, a kan tabarmar majalisa, na gyara zaman hulata na ce, "Ni zan ba shi." Aka yi ta kabbara. Maƙwabcina Malam Ɗahiru har da share hawaye. (Hawayen nan sun yi min daɗi, ba zan ɓoye muku ba.) Washegari na matsa sai da aka ɗebi jinina don gwaji.

Ni aikin tafinta na yi har na yi ritaya. Na zauna a tarukan masana a Alƙahira da Dakar da Landan ina juya Larabci da Faransanci da Turanci, don haka na san yadda ake auna masani a can. Ba ruwansu da girman rawani. Maƙala nawa ka wallafa, kuma sau nawa wasu masu bincike suka ambace ka suka kafa hujja da kai, shi ke nan. Kusan abin da malamanmu na zaure ke yi ne in sun ce wane ya karɓo daga wane, sai dai su can na'ura ke ƙirgawa. To, sai na ɗauki waya na shiga binciken likitan da zai yi aikin, Dakta Bishir, ɗan Ƙofar Sauri da ke aiki a wani babban asibiti a wajen jiha.

Abin da na gani ya faranta min rai. Rubuce-rubucensa a kan dashen ƙoda sun cika fuskar waya, ina ja suna ƙara fitowa, kuma daga Indiya har Turkiyya ana ambatonsa. Na koma majalisa ina cewa, "Yaron nan, likitocin Turai ma sai sun ambaci sunansa kafin su ɗauki wuƙa." Da na tsaya nan da na huta. Amma sai na ce bari in buɗe wadda aka fi ambata.

A kan masu ba da ƙoda ce, da abin da kan same su bayan tiyata. Zubar jini. Miki da ya ƙi warkewa. Wanda ɗayar da ta rage masa ita ma ta gaza. Wanda aka sa wa maganin barci bai farka ba. Har da hotuna masu launi. Ban kai rabi ba na kife wayar. Lissafina mai sauƙi ne: in wannan ce duniya ta fi saninsa da ita, to da wannan ya shahara, kuma ni ne na gaba.

Na taɓa shiga jirgin da ya yi ta tangaɗi a saman Sahara har Turawa suka koyi salati, amma ban ji tsoro irin wannan ba. Abinci ya daina wucewa. Kullum hannuna a kwiɓina, kamar mai gadin aljihu a kasuwa. Na bi ta wurin mai tsire, na ga ƙoda a tire an yanka ta biyu, sai da na dafa bango. Kuma ba halin in janye, don gari ya riga ya ji, har mutane na tare ni a masallaci suna cewa in sa su a addu'a.

Sai na fara abin da mutanenmu ke yi in za su yi tafiyar da ba tabbas: neman yafiya. Gida gida na bi, har wanda muka yi faɗa a kan magudanar ruwa. Na ɗauki rediyona, wanda na sayo a Landan nake kama tashoshin duniya da shi, na kai wa Malam Ɗahiru na ce ya riƙa tunawa da ni. Uwargidana Hajiya ta dube ni ta ce, "Alhaji, mi ke damunka ne? Makka za ka kuma?" Na ce mata mace ba za ta gane ba.

Ranar Juma'a na ji Dakta Bishir ya shigo gari gaida iyayensa. Na saɓa babbar riga na tafi Ƙofar Sauri da wata dabara a raina. Aka shigar da ni falo. Ba wuta, an saki labule, ni kuma daga rana na fito, don haka shi kaɗai na iya gani da yake farar riga ce a jikinsa. Muka gaisa, ya hanya, ya iyali, ya aiki, ya muka ji da zafi. Gaisuwa na ƙarewa na durƙusa a gabansa. Na kama hannun yaron da na haifi kamarsa.

"Dakta, na karanta maƙalarka. Don girman Allah ka rufa min asiri. Ka ce masu jinina bai dace ba. Ina son Sada, wallahi ina son shi, amma ba zan iya ba. Kada ka bari ya ji."

Sai wata murya ta fito daga doguwar kujerar da ke lungu.

"Yaya, sannu da zuwa."

Sada ne. Ya riga ni zuwa ganin likita, ya gaji ya kishingiɗa. Na so ƙasa ta buɗe. Harsuna huɗu nake ji, amma na rasa kalma ɗaya a cikinsu.

Dakta ya ɗaga ni ya zaunar. "Baba, wa ya ce maka za a taɓa ka? Ka haura saba'in, ga hawan jini. Ko jininka ya dace ba likitan da zai karɓa. Mannir ne zai bayar, an gama magana." (Mannir babban ɗan Sada ne.) Sannan ya ce, "Maƙalar, ka kai ƙarshenta?" Na ce ko rabi ban kai ba. Ya ce, "Ai abin da ya sa ake ambatonta, ta nuna waɗanda bai kamata a karɓi ƙodarsu ba, don kada waɗancan abubuwa su faru. Rabinta na biyu a kan irinka ne, Baba."

Ban iya kallon lungun nan ba. Tsoron wuƙa ya tafi, wanda ya fi shi ya zo: me ƙanena zai ɗauke ni yanzu? Sai na ji yana dariya, irin ta marar lafiya, da tari a ciki.

"Yaya, mun daɗe da sani. Hajiya ma ta sani. Yadda za mu gaya maka muke nema, ganin yadda ka cika majalisa da zancen. Kuma ni ban taɓa sa rai ba. Ranar kaciyarmu, wa aka ciro daga cikin rumbu?"

An yi aikin lafiya. Sada ya mayar da jikinsa, Mannir ya koma shagonsa. A majalisa kuwa, in na iso sai wani ya ce, "A matsa wa mai ƙoda biyu."

Abin da na koya: in ka buɗe rubutun masana, ka kai ƙarshe kafin ka fara rabon gado. Malam Ɗahiru dai ya ce kyauta ba ta komawa. Kullum da safe ina jin rediyona ta bayan katanga, ya kamo tashar Faransanci da ba ya jin ko kalma ɗaya, wai yana tunawa da ni.