Ranar da Na Tsayar da Sikelin Kura Daga Kano

Ni na saka wa injin casar shinkafar Alhaji Sabi'u da ke Kura manhajar lura da sabarsu, wato kwamfutar da ke ajiye duk awon da aka yi. Har na bugi ƙirji na ce, "Alhaji, daga ofishina a Kano ina ganin cikinta. Kafin ta cika, ni zan fara sani."

Ana tsakiyar kakar shinkafa, sai allona ya yi ja: saura ƙiris sabar ta cika. Na kira shi. "A dakatar da sikeli yanzun nan, kar awon mutane ya salwanta!"

"Injiniya, motoci fa sun yi layi har bakin titi."

"Su jira!"

Na sa akawunsa ya goge tsofaffin fayiloli, jan nan ko gezau. Na yi ta zagin netwok ɗin Kura. Daga ƙarshe na hau mota na taho, na ratsa manoma suna ta tsaki cikin rana, na buɗe sabar. Ko rabi ba ta kai ba.

Ashe wajen saita manhajar, adireshin laftof ɗina, wato ƙaramar kwamfutata, na saka maimakon na sabar. Tun farko ita nake gadi, kuma bidiyon sunan 'yata ne ya cika ta.

Alhaji bai yi faɗa ba, da ma ya yi na huta. Har yau in na ci abinci a wurinsa, sai ya leƙo kwanona ya ce, "Injiniya, ka ƙoshi, ko sai ka koma Kano ka duba?"