Yadda Za Ka Ruɗi Salwa Ta Ɗauka Rana Ba Ta Faɗi Ba

Kai da tsuntsayenka suka shafe wata biyu suna cin dusa ba ƙwai ko na rantsuwa, share hawayenka. Bi matakan nan shida, na yi maka alkawarin ƙwai cikin wata guda. An gwada su a kan maƙwabcina mai aski, wanda ya zuba salwa talatin a ɗakin ajiyar tarkacen gidansa, kuma har yanzu yana nan da ransa.

1. Jira a yi maka barazana

Ba a koyon kiwo sai da wa'adi. Matar mai aski ta leƙa keji, ta ce, "Baban 'yan biyu, kwana talatin na ba ka. In ban ga ƙwai ba, tukunya za ta ga salwa." Ya yi dariya. Ita kuwa ta wanke babbar tukunya ta kife a ƙofar ɗakin, inda tsuntsayen za su riƙa hangenta.

2. San da wa kake yi

Salwa ba ta ɗaura agogo, da haske take lissafi. In ta samu kamar awa sha shida a yini, sai ta ce duniya ta yi daɗi, bari a saki ƙwai. In kuwa ɗakin irin na mai aski ne, taga ɗaya tal, ita ma an toshe da tsohuwar katifa, sai ta ɗauka hutu aka ba ta.

3. Nemo ƙwan fitila

Ƙwai ke kawo ƙwai. Ilimi ne mai zurfi, kada ka tsananta tambaya. Ba sai ka saya ba, mai aski ƙwan fitilar banɗaki ya kwance. Mako guda ana wanka da lalube a gidan, har matar ta goge haƙoranta da man askinsa. Tukunya ta ƙara matsowa taku biyu.

4. Kada ka zaƙe

Mai aski ya ce in sha shida ta yi kyau, ai ashirin da huɗu ta fi. Ya bar wuta kwana uku ba kashewa. Tsuntsaye suka rasa barci, suka huce a kan juna, kowace ta caccaki ƙeyar 'yar'uwarta. Da ya ga kawunansu ƙwal-ƙwal, ya dafe ƙirji: "Wa ya yi muku wannan?" Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne askin bai daidaita ba.

5. In ta kama, zama rana da kanka

Kunna ƙarfe biyar na asuba, kashe ƙarfe tara na dare, kullum ba fashi. Ranar da aka ɗauke wuta da yamma, mai aski ya kife bokiti, ya hau, ya ɗaga tocila bisa keji. Awa biyu yana haskawa. Da lokaci ya cika, ya tuna salwa na firgita in duhu ya zo farat ɗaya, sai ya fara lanƙwasa gwiwa a hankali.

Matar ta turo ƙofa. "Lafiya?"

"Yi shiru, faɗuwa nake yi."

Bokiti ya goce. Rana ta faɗi da gaske, har da targaɗe.

6. Ɓoye sirrinka

Kwana ashirin da shida, sai ga ƙwai bakwai, ƙanana, masu ɗigo-ɗigo. Mai aski ya ɗingiso da su a tafin hannu, ido cike da ƙwalla. Aka mayar da tukunya kicin. A nan ya kamata ya ja bakinsa, amma daɗi ya ɗebe shi, ya zayyana mata komai.

Ta saurara tsaf. "Wato haske ne kawai? Ko malalaciyar halitta in an haska ta sai ta yi aiki?"

"Ƙwarai kuwa!"

Washegari ƙarfe biyar, fitilar ɗakin kwana ta haske masa fuska.

"Tashi, Baban 'yan biyu, gari ya waye. Sai tara za a kashe ka."

Yanzu shagonsa ne farkon buɗewa a layin, yana zaune da almakashi yana jiran kawunan da ba su tashi daga barci ba.

Gargaɗi: ban san ka ba, ban taɓa ganin salwarka ba. Targaɗe, kumfa a bakin iyali da sammakon dole duk naka ne. In kuma ka yi wata guda kana haskawa, daga baya ka gano duk talatin ɗin maza ne, ni dai ban ce ka saya ba.