Ranar da Na Je Tare Inna Gambo Kada Ta Suma

Ƙarfe huɗu da kwata na yammar wata Laraba ne, a zauren wani gida a Fagge, kuma har gobe abin ya ƙi barin kaina. Waɗanda suke wurin: ni, da Inna Gambo mai tuwo, da 'yarta Talatu a bayan ƙyaure, wadda nake nema da aure kuma iyaye ba su ba da amsa ba tukuna.

Bari in bi abin daki-daki. A lokacin ni malamin awo ne a rumbun gyaɗa na tashar jirgin ƙasa. Duk Asabar ina silima a Sabon Gari, kuma a can na sauke karatuna a kan mata. Na fahimci iri uku ne: mai kuka, mai yaudara, da mai suma. Ta kirki kuwa, da ta ji mugun labari sai ta dafe goshi ta sulale, wani jarumi ya tare ta. Fim ɗin Indiya haka, na kaboyi haka. (Ban taɓa tambayar kaina dalilin da ya sa uwata ba ta taɓa sulalewa ba, ga ta da 'ya'ya tara.)

To ran nan ƙarfe ya tsarge ƙafar Ilu, yayan Talatu, yana dako a rumbunmu. Ban ga raunin ba, labari aka ba ni. Aka ɗora shi a amalanke, ya ce sai an fara kai shi wurin uwarsa. Ni kuwa na hau keke na riga su, don in shirya tsohuwa, in kuma nuna irin surukin da za ta samu.

Na yi sallama, ta fito zaure hannunta duk gari. Da farko na roƙe ta ta matsa daga jikin bango. Na biyu na janye turmin da ke kusa. Na uku na zagaya bayanta, na ware hannuwa, na ɗan durƙusa, sannan na faɗi labarin da murya mai rawa kamar yadda ake yi.

Ba ta dafe goshi ba. Ta yi salati, ta tambayi wace ƙafa ce, da ko yana magana. Sannan ta waiwayo ta dube ni.

"Malam, kaza kake kamawa a bayana?"

Ina nan a durƙushe amalanke ya iso. Inna ta yage gefen mayafinta, ta aiki Talatu ruwan zafi da gishiri, ta ce wa Ilu ya rufe mata baki tunda ba ƙafar aka cire ba. Ni kuma ta ce in riƙe diddigen da kyau. Na riƙe. Na duba.

Abin da na sani daga nan shi ne rufin zaure. Ban dafe goshi ba, an ce, amma sulalewar ta yi kyau, kuma babu jarumin da ya tare ni. Na farfaɗo Talatu tana min fifita da faifai, tana cije leɓe don kada dariya ta ƙwace mata. Inna ta riga ta wuce asibiti da ɗanta, ta bar saƙo cewa idan baƙo ya dawo duniya a dama masa kunu.

Na daina bin layin. Na tabbata maganar aure ta mutu. Amma da kawuna ya koma jin amsa, sai Inna ta aiko daga cikin gida:

"A ba shi, yana da tausayi. Sai dai ranar haihuwa a kai shi unguwar Kwaciri wurin danginsa, ungozoma ba za ta iya da mutum biyu ba."

Haka kuwa aka yi, duk haihuwa.

Saboda haka, mai karatu, idan kana cikin masu rubuta labari ko shirya wasa, ga roƙona: kafin ka sa mace ta suma, je ka zauna a zauren mai tuwo wuni guda. Idan kuma dole sai wani ya faɗi, ka sa namiji mai keke, amma ka canja masa unguwa.