Rasuwar Agogon Alhaji Sammani

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, Alhaji Sammani dillalin shanu, na Ƙofar 'Yandaka a Katsina, yana sanar da rasuwar agogon hannunshi, wanda ya tsaya ranar Talata da ƙarfe goma da kwata, bayan shekara talatin da ɗaya yana aiki.

Marigayin bai taɓa cin batir ba. Da asuba a murɗa mashi kunne sau goma, shi ke nan abincinshi. Bai taɓa makarar da kowa salla ba, bai kuma taɓa kai ƙarar mai shi wurin kowa ba. Tun da Hajiya Furera, uwargida, ta rasu, babu mai magana a gidan sai shi: tik, tik, tik.

Babban aikinshi ya zo ne a ƙarshen rayuwa. Ciwon daji ya sauka a hantar Alhaji, likitoci suka ce sai an yi gashi da na'ura. Amma hanta ba ta zama wuri ɗaya, mutum na numfashi tana hawa tana sauka. Don haka sai an ɗauki hotonta, an shata inda zafin zai sauka, kuma duk ranar gashi mai ciwo ya riƙe numfashi daƙiƙa ashirin, kada a ƙone nama mai lafiya. Alhaji ya fara da takwas. Kullum bayan la'asar yakan kwanta a zaure, ya ɗora marigayin kan ƙirji, su yi ta gwaji. Sun kai goma sha bakwai.

Ga yadda ajali ya zo. Ranar ɗaukar hoto, Malama Rahila mai kula da na'urar ta ce a cire duk wani ƙarfe a zuba a kwando. To mutumin da ya yi shekara arba'in a kara bai saba barin kayanshi inda idonshi bai gani ba. Ya ba da zobe, ya ba da makulli, agogo kuwa ya ƙulle shi a mazagin wando. Ashe na'urar maganaɗisu ce. Taku uku cikin ɗaki wando ya fara yin gaba ba da izinin mai shi ba. Rahila ta janyo shi waje, ta yi mashi faɗan da ɗiyar cikinshi ba ta taɓa yi ba. An ɗauki hoton, ya fito sarai. Agogo dai bai sake cewa tik ba. Malam Yari mai gyara, na Gobarau, ya buɗe cikinshi, ya duba, ya rufe, ya ba da haƙuri.

Marigayin ya bar farin tabo kamar zobe a tsintsiyar hannun Alhaji, da rediyon da ba ya kama tasha, da ɗiya ɗaya, Sumayya, tana aure a Fatakwal, tana bugo waya ranar Juma'a. Alhaji ya gwada ƙirgawa da kanshi, sai ya kama kanshi yana sauri.

Za a naɗe marigayin a hankici, a sa shi cikin kwallar Hajiya, gobe bayan azahar. Zaman makoki kullum bayan la'asar, a zaure, har zuwa Litinin da za a fara gashi. Ba a buƙatar goro ko dogon jawabi. Wanda ya zo, ya zauna kusa da tabarma, ya ƙirga ma Alhaji zuwa ashirin, a hankali. Mutum ɗaya ma ya isa.